Daga Dalma Zuwa Fayil

A garin da wuta ke zuwa tana komawa, akwai wani aiki da ake maimaitawa a ɓoye wanda ba mai ganinsa. Idan aka ɗauke wuta a Mabera ko Runjin Sambo, batir ya gaza, janareta kuma bai kama da wuri ba, kayan da ke cikin akwatin ƙarfen nan na gindin turken sabis sukan mutu murus. In wuta ta dawo ba sa ɗorawa daga inda suka tsaya. Wata 'yar kwamfuta da aka dasa a ciki ce ke fara farkawa, ta ɗauko wani fayil daga ma'adanarta, ta zuba shi cikin wata ƙwayar lantarki da ke maƙwabtaka da ita a kan fanel. Kafin zubin, ƙwayar ba ta iya komai ba. Bayan zubin, ita ce ke tace siginar da ke ɗauke da muryoyin unguwa guda. Mu dai abin da muke gani, sandunan sabis sun ɓace a fuskar waya, mun ɗan dakata, sun dawo. Wani yanki na wannan dakatawa, jiran zubin nan ne.

Sunan irin wannan ƙwaya FPGA. Masu gyara da yawa a garin nan sun taɓa ganinta ko da ba su riƙe sunan ba: baƙa ce mai kusurwa huɗu, ƙafafunta 'yan ƙwallayen dalma ne da ke ɓoye a ƙarƙashinta, a gadon bayanta an rubuta Xilinx ko Altera ko Lattice. Tana cikin kayan sadarwa, da na'urar hoton ciki ta asibiti, da manyan talabijin na talla da ake kafawa a wurin taro, da injinan masana'antu. Na daɗe ina juya lamarinta a raina, domin ban ga abin da ya fi ta nuna canjin da ya sami sana'ar gyara a Sakkwato daga ƙuruciyata zuwa yau ba.

A shekarun 1980 rediyo ne babban kayan lantarki a mafi yawan gidajenmu. Da safe a ji BBC, da hantsi Rediyon Rima, da yamma a murɗa zuwa Kaduna. Ranar da ya lalace gida kan yi tsit, sai a ba yaro ya kai wa mai gyara. Wanda na fi sani yana da 'yar rumfa a wajen Tsohuwar Kasuwa. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: mita mai allura, da sukundireba, da zaren dalma, da ƙarfen liƙi guda biyu, ɗaya na lantarki, ɗaya kuma wanda yake cusawa cikin garwashi in NEPA ta ɗauke. Yakan buɗe bayan rediyo ya fara sansanawa, don abin da ya ƙone yana da warinsa. Sannan ya bi hanyoyin tagulla da ido, ya ɗora yatsa a wani wuri ya kasa kunne. Idan lasifika ta yi gurnani, ya san daga nan zuwa gaba lafiya lau, ciwon yana baya. Haka zai yi ta raba hanya biyu har ya tsare ɓarnar a lungu ɗaya, ya cire taranzista ko kwandansa, ya laluba gwangwanin da yake tara kayan matattun rediyoyi, ya maye gurbinta.

Wannan hanya tana ci ne saboda a wancan zamani halin na'ura a jikinta yake. Abin da ya sa rediyo ya zama rediyo shi ne yadda aka haɗa wannan waya da waccan, kuma haɗin yana nan a fili ga duk mai ido da haƙuri. Kamfanin da ya ƙera shi a Japan ko Holan ba shi da sauran iko a kansa tun ranar da ya bar masana'anta. Wanda ya saya ya mallaka, wanda ya iya kuma ya gyara. Ban ce zamanin ya fi na yanzu daɗi ba, don rediyon ba ya iya komai sai kama tasha. Amma babu wani ɓangare nasa da ke hannun wani mutum a wata ƙasa.

A daidai waɗannan shekaru, can a Kalifoniya, wani injiniya mai suna Ross Freeman ya zo da wata shawara da wasu suka ɗauka almubazzaranci ne. Ƙwayar lantarki ta yau da kullum a masana'anta ake yanke mata aikinta. In an gama an gama. Kuskure ɗaya a zane sai a sake kashe maƙudan kuɗi a jira watanni. Freeman ya ce a cika ƙwaya da ƙananan ɗakunan lissafi masu kama ɗaya, a shimfiɗa wayoyi a tsakaninsu ta ko'ina, a kowace mahaɗa a sa makunni, sannan a bar wa mai saye ya faɗi wane makunni zai rufe, wane zai buɗe. Taranzistoci da yawa za su zauna ba aiki, gaskiya ne, amma ya yi hasashen za su yi ta araha har asarar ta zama ba komai ba. A 1984 shi da Bernard Vonderschmitt da James Barnett suka kafa kamfanin Xilinx, a 1985 suka fitar da XC2064 mai ɗakunan lissafi 64. Freeman ya rasu a 1989, bai ga inda abin ya kai ba.

Kowane makunni a cikin ƙwayar yana da 'yar ma'adana guda da ke riƙe da sifili ko ɗaya. Su ma ɗakunan lissafin 'yan jadawaloli ne da ake cikewa: in kaza da kaza suka shigo, kaza zai fita. Saboda haka jerin sifili da ɗaya da ake zubawa shi ne zanen wayoyin baki ɗaya. Shi nake kira fayil ɗin zubi. Matsalar ita ce ma'adanar da ta fi sauri da sauƙin ƙerawa ba ta riƙe komai in babu wuta. Akwai ire-iren FPGA da ke riƙe zubinsu, amma manyan da suka cika kasuwa mantuwa suke yi. Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wahalar gane wannan ba. Allo itace ne, karatunsa shi ne abin da aka rubuta masa da tawada, in an wanke sai a rubuta wani. Bambancin shi ne allon almajiri sai an kai shi ga ruwa, ita kuwa wannan ƙwaya duk ɗaukewar wuta wanki ce a gare ta, kuma dole a sami wanda zai sake rubuta mata darasin daga farko har ƙarshe kafin ta yi motsi.

Wannan sabon tunani bai shigo Sakkwato rana ɗaya ba. Alamarsa ta farko da masu gyara suka gani tana cikin talabijin mai kala: wata 'yar aisi mai ƙafa takwas da ke riƙe saitin tashoshi da na hoto. Talabijin zai ƙi tashi, a auna ko'ina a ga lafiya, ashe abin da ke rubuce a cikin 'yar aisin ne ya rikice. Masu wayo suka koyi ciro ta daga lafiyayyen talabijin irinsa su kwafi abin da ke ciki. Daga nan sai risibar tauraron ɗan'adam, wadda ake jona ta da kwamfuta ta wata igiya mai baki tara a sabunta mata manhaja. Sai kuma babbar ambaliya. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi a kan dala miliyan 285, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan layukan NITEL a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kuma wanda ke da lamba mai farawa da 060 a gidansa a garin nan sananne ne. Cikin 'yan shekaru sai ga wata sabuwar sana'a ta tsiro: yaro da kwamfuta da ɗan akwatin filashin, yana tayar da Nokia da ta mutu ba tare da ya taɓa dalma ba. Da Tecno da Itel da Infinix suka cika gari, sai filashin ya zama rabin aikin shagunan waya na titin Emir Yahaya da na Ahmadu Bello.

Na taɓa zama a shagon wani dattijo da ya fara da rediyo ya ƙare da talabijin, ranar da tsohon yaronsa ya zo gaishe shi da kwamfuta a jaka. Dattijon ya dube shi ya ce, "Ɗana, wanga aiki naku ban gane mai ba. Abin da ban gani da idona ba, ban taɓa da hannuna ba, ina zan ce ma mai kaya na gyara?" Yaron ya russuna ya ce, "Baba, ai ciwon ba a jiki yake ba, a rubutun ciki yake." Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To wa ya yi rubutun?" Yaron ya ce shi dai a intanet yake saukewa. Wannan tambaya ta dattijo ita ce har yau ba mu amsa ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin filashin waya da zubin FPGA, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Fayil ɗin da ake sa wa waya umarni ne ga furosesa wanda an riga an ƙera shi, ba ya canzawa. Yana karanta umarni ɗaya ya aikata, ya wuce na gaba, da sauri ƙwarai amma bi da bi. Fayil ɗin zubi kuwa ba ya umartar kowa. Shi yake samar da na'urar ita kanta. In ya ce a sami masu ninka lamba ɗari biyu jere da juna, to za a same su, kuma dukansu za su yi aiki a bugun agogo guda. Shi ya sa ake sa ta a inda bayanai ke kwararowa ba ƙaƙƙautawa: siginar eriya, amsa-kuwwar sautin da na'urar asibiti ke mayarwa hoto, dubban 'yan fitilun babban talabijin da dole kowace ta canza launi a kan lokaci. Masu zana ta ba sa rubuta "yi kaza sannan ka yi kaza". Suna bayyana yadda kayan za su haɗu ne, da harsuna irin su Verilog da VHDL, sannan wata babbar manhaja ta kwashe mintoci ko sa'o'i tana neman inda za ta ajiye kowane ɗaki da hanyar da kowace waya za ta bi. A taƙaice, hanyoyin tagullan da mai rediyo ke bi da ido sun koma cikin fayil.

Wa ke yin zubin? Da farko wata 'yar ma'adana ake liƙawa kusa da ƙwayar, wuta na zuwa ƙwayar ta jawo zubinta da kanta. In ana son canji sai injiniya ya zo da ƙafarsa, ya buɗe akwati, ya jona igiyar JTAG, wadda aka daidaita ƙa'idarta a 1990. Da na'urori suka fara zuwa da furosesa mai gudanar da Linux a cikinsu, sai masu zane suka ga babu dalilin ajiye ma'adana biyu. A sa fayil ɗin zubi cikin sauran fayiloli, furosesa ya riƙa zubawa. An rage kaya a kan fanel, kuma duk hanyar da za a iya aiko wa Linux da fayil, ta nan za a iya canza wa na'ura wayoyinta.

Zubin kansa ba shi da sarƙaƙiya in an bi shi daki-daki. Furosesa ya taɓa wata ƙafa ta ƙwayar, ma'ana a share komai. Ƙwayar ta share, ta ɗaga wata ƙafa, ma'ana ta shirya. Sai a fara turo sifili da ɗaya tare da bugun agogo, ko ɗai-ɗai ta waya guda, ko takwas-takwas ko fiye in ana gaggawa. A farkon fayil ɗin akwai lambar da ke faɗin irin ƙwayar da aka yi shi dominta, in ba ita ba ce sai ta ƙi karɓa. A ƙarshensa akwai lissafin tantancewa, wanda ko sifili ɗaya ne ya juye a hanya ba zai daidaita ba. In komai ya tafi daidai, ƙwayar ta ɗaga ƙafa ta uku, wadda a fanel da yawa aka haɗa da ɗan ƙwan fitila. Mai gyaran da ya san wannan fitila ya rage wa kansa rabin wahala. In ta kama, ciwon yana gaba. In ba ta kama ba, yana baya, a wuta ko ma'adana ko fayil. Dabarar raba hanya biyu ce ta mai rumfar Tsohuwar Kasuwa, wurin ɗora yatsa ne kawai ya canza. Abin da ya ƙaru shi ne yawa: zubin XC2064 bai wuce sifili da ɗaya kimanin 12,000 ba, na Zynq 7020 kuwa ya haura miliyan 30, wato wajen megabait 4.

Shi Zynq ɗin, wanda Xilinx ya sanar a 2011, ya haɗa furosesan ARM da FPGA a ƙwaya ɗaya, Altera ma ya fitar da irin nasa. A nan marubuci da abin rubutun suna ɗaki guda. Wuta na zuwa wani ɗan shiri da ke ƙone a ciki ya tashi, ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku mai suna U-Boot, U-Boot ya tayar da Linux, kuma kowane daga cikin ukun ƙarshe zai iya yin zubin. Shekarun farko kowane kamfani da tasa hanyar, wanda ya saba da ta wannan sai ya koma ɗan koyo a ta wancan. A Linux 4.4, wanda ya fito a Janairun 2016, aka shigar da tsari ɗaya mai suna FPGA Manager, aikin da Alan Tull na kamfanin Altera ya jagoranta. Ya taƙaita lamarin a matakai uku: shirya ƙwaya, tura fayil, tabbatar ta karɓa. Fayil ɗin yakan zauna a foldar /lib/firmware tare da na sauran kayan. Daga baya aka ƙara abin da ni ya fi burge ni. Kafin a fara zubi, Linux kan rufe gadojin da ke tsakanin furosesa da ƙwayar, domin in furosesa ya aika tambaya ga abin da bai gama samuwa ba, zai tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba, na'ura duka ta sandare. Bayan zubi a buɗe gadojin, a miƙa wa Linux bayanin sabbin kayan da suka bayyana, ya nemo musu direbobinsu tamkar yanzu aka liƙa su. Har ana iya sake zubin wani sashe na ƙwayar alhali sauran na kan aiki.

Ba zan raina alherin wannan ba, musamman gare mu da muke nesa da Legas da Abuja, inda ofisoshin kamfanonin suke. Gyaran da a dā sai an ɗauko injiniya, an yi masa masauki, ya hau turke da igiya a hannu, yanzu ana iya aiko shi da tsakar dare zuwa turaku masu yawa lokaci guda. Wanda ya san halin da hanyoyin Isa da Sabon Birni da Rabah suka shiga a shekarun nan ya san darajar duk wani aiki da zai hana ma'aikaci hawa hanya. Dabarar ta kai har duniyar Mars: motar bincike Perseverance da ta sauka a watan Fabrairun 2021 tana da wata FPGA da ta yi aikin gwada hotunan ƙasa da taswira lokacin sauka, da aka sauka lafiya sai aka sake mata zubi ta koma taimaka wa motar ganin hanya.

Amma waɗanda suka tsara yawancin waɗannan na'urori ba da wutarmu suka yi lissafi ba. A nan ma akwai abu biyu da ake cakuɗawa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar zuba fayil cikin ƙwaya, babu asara, in ta dawo a sake daga farko. Haɗarin yana lokacin da ake rubuta sabon fayil a ma'adana, an share tsohon, sabon bai kammala ba. Nan ne na'ura ke zama gawa alhali ko waya ɗaya ba ta ƙone ba. Maganin sananne ne: a ajiye zubi biyu, ɗaya na asali da ba a taɓawa, ɗaya na sabuntawa, in na biyu ya ƙi karɓuwa na'ura ta koma na farko da kanta. Kayan manyan kamfanonin sadarwa galibi suna da wannan. Ƙananan kaya da tsofaffi ba duka ba. Ga kuma zafi. Ma'adanar filash da ɗan cajin lantarki take riƙe rubutu, zafi kuwa yana gaggauta tsiyayewarsa, mu kuma a watan Afrilu ma'auni kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, 'yan ƙwallayen dalman nan su yi ta buɗewa da tsukewa tsakanin rana da dare har ɗaya ta tsage.

Na ga ƙarshen wannan a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Sun sayi na'urar hoton ciki ta hannu daga Turai, ta yi musu aiki, wata rana bayan wuta ta yi ta wasa sai ta riƙa tsayawa a tambarin kamfani. Wani matashi mai gyara ya auna wutar ko'ina ya samu daidai, ya lura fitilar nan ta zubi ba ta kamawa, ya ce laifin katin ma'adana ne. Gaskiyarsa. Katin kansa ba tsada, amma abin da ke cikinsa fa? Dillalin ya ce an daina yin wannan samfuri, sai dai a sayi sabon fanel a kan kuɗin da ya kusa na na'urar. Watanni tana lulluɓe da zane, mata masu ciki ana tura su wani wuri, wasu daga ƙauye suka zo da kuɗin mota ƙididdigagge. Daga ƙarshe a Kano aka sami mai irinta, ya yarda aka kwafi katinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da a ranar da na'urar ta iso wani ya ciro katin ya kwafa ya adana, da aikin rabin sa'a ne.

Kuma wannan sa'a ce, don sabbin kaya ba sa yarda da kwafi. Ana rufe fayil ɗin zubi da mabuɗin sirri wanda aka ƙone a cikin ƙwayar, ko a sa masa hannun kamfani ta yadda ba za ta karɓi na kowa ba. Suna da hujja, kuma ban ƙi ta ba: wanda ya kashe shekaru yana zane ba ya son a kwafe masa a dare ɗaya, kuma ba wanda ke son ɓarawo ya canza wa turken sabis ko na'urar asibiti hali daga nesa. Amma sakamakon a wurinmu shi ne mutum ya biya kuɗinsa ya sayi ƙarfe da roba, abin da ke mayar da su na'ura kuwa aro aka ba shi, Hausawa kuma sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da kamfani ya daina kula da samfurin, ko aka saye shi, ko ya rufe, mai kaya ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kasuwar ma a hannun 'yan kaɗan take. Intel ya sayi Altera a 2015 kan dala biliyan 16.7, AMD ya kammala sayen Xilinx a 2022 kan kusan dala biliyan 50. Ma'anar kowane sifili da ɗaya a cikin fayil ɗin sirrinsu ne, shekara da shekaru ba mai iya samar da shi sai da manhajarsu.

An fara huda wannan katanga a 2015, lokacin da Claire Wolf, masaniya 'yar Ostiriya, da abokan aikinta suka warware tsarin zubin ƙananan ƙwayoyin iCE40 na Lattice a aikin da suka kira IceStorm. Tare da Yosys, daga baya kuma nextpnr, sai ya zamana mutum zai iya tafiya daga zane har zubi da manhajoji na kyauta waɗanda ba sa neman babbar kwamfuta. Aka bi da ƙwayoyin ECP5, kuma a nan abin ya matso kusa da mu, domin ɗan katin Colorlight 5A-75B da ake sa wa manyan talabijin na talla ECP5 ne a kansa, masu koyo a ƙasashe da yawa da shi suke gwaji. Haka fanel ɗin EBAZ4205, wanda aka ciro daga tsofaffin injinan haƙar Bitcoin a Sin: Zynq 7010 ne a kai, yana tayar da Linux, ana kuma iya koyon duk matakan da na zayyana a kansa, ko da yake shi zanensa galibi da manhajar kamfanin ake yi. Kowannensu bai kai kuɗin ƙaramar wayar Android ba.

Saboda haka ban yarda cewa abin ya fi ƙarfinmu ba. Yaron da ya iya ɗaga aisi mai ƙwallaye ɗari daga fanel ɗin waya da iska mai zafi, ya share, ya jera sabbin ƙwallaye, ya mayar, ya riga ya mallaki hannun da injiniyoyi da yawa ba su da shi. Wanda ya saba da neman fayil ɗin da ya dace da lambar fanel ya riga ya fahimci rabin maganar. Abin da ya rage masa shi ne ya tsallaka daga sauke rubutun wani zuwa yin nasa, ko da kuwa zanen farko bai wuce kunna fitila da kashe ta ba. Muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, muna da kwalejojin koyon sana'a. Zan so in ga ɗalibansu da yaran shagunan waya a teburi ɗaya, waɗannan da lissafi, waɗancan da hannu, suna zana abin da ya shafe mu: mai kula da cajin batirin sola, mai sarrafa famfon rijiyar burtsatse a fadamar Rima, na'urar da tun a zanenta an san zafi da ƙura za ta zauna ciki.

Kafin a kai can akwai abin da ba ya jiran kowa. Duk asibiti ko gidan rediyo ko maɗaba'a da za ta sayi na'ura mai kwamfuta a ciki, a rubuta a yarjejeniya cewa za a ba da kwafin manhajar ciki da fayil ɗin zubi da hanyar mayar da su, a kuma tambaya ko tana da zubi na biyu da take komawa. In ta hannu ce, ranar da ta iso, tun tana lafiya, a ciro katinta a kwafa gida biyu. Ƙungiyoyin masu gyara su ware wanda zai riƙe irin waɗannan kwafi, kowanne a rubuta masa sunan na'ura, da samfuri, da lambar bugun fanel, da lambar da ke gadon bayan ƙwayar. Na'ura biyu kan zo da suna ɗaya da fuska ɗaya, amma in ƙwayar da ke cikinsu ta bambanta ko da a girma ne, fayil ɗin wannan ba zai shiga waccan ba.